Yadda Za Ka Kamo Ɓarawon Ram Ɗinka Ba Tare da Ka Mari Kowa Ba

A Kasuwar Dawanau, wanda ya biya kuɗin buhu takwas ba ya barin mota ta tashi da uku da rabi. Sai an sauke kaya, an tara shaidu, an zaƙulo dillali ko da sahun gaba ya shige a masallaci. Amma wannan Alhajin ne dai zai je titin Beirut ya sayo laftof, a ce masa ram ɗinta gig 8 ne, ya kawo ta sito don lissafin riɗi da zoɓo, ita kuma ta rubuta masa ɓaro-ɓaro cewa gig 3 da 'yan kai kaɗai take iya taɓawa. Shekara guda yana zagin netwok. To, ga shawara ga wanda ya farga an yi masa ƙwange.

Fara da zargi, Alhaji, don shi ya fi sauƙi kuma ba ya cin caji. Zargi yaron shago. Zargi autan Hajiya da ke kallon ƙwallo da ita cikin dare. Kada dai ka bari abin ya hau maka kai, domin mutanen birni in sun ga wani yana surutu shi kaɗai cewa suke a kai shi Dawanau, kai kuwa kana can, ba inda za a ƙara kai ka.

In zuciya ta huce, kuma Windows 10 ce a kanta, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, ka taɓa Memory. Can ƙasa akwai layin da aka rubuta Hardware reserved. Lambar da ke gabansa ita ce abin da aka karkatar. In megabait ɗari ne ko ɗari biyu, rufe bakinka. Galibin laftof ɗinmu ba su da katin hoto mai rumbun kansa, daga ram ɗin yake yankar abin da zai haska allo da shi. Haƙƙinsa ne.

In kuwa gig huɗu ne da ɗoriya suka yi layar zana, shiga Settings, System, About, ka karanta layin System type. Da ka ga 32-bit, ka nemi gafarar yaron shago. Windows mai bit 32 kamar malamin sito ne da aka ba littafi mai shafi huɗu rak. Gina masa ɗakuna takwas, ka cika su har rufi, abin da ya shiga littafinsa kaɗai ya san da zamansa. Lissafin ba na son rai ba ne: biyu, a yi ta ninka ta har ta jeru sau 32, tana ba da 4,294,967,296, wato gig 4 cif. Daga cikin wannan ma sai an ware wa katin hoto da sauran kayan ciki nasu adireshin, shi ya sa kake tashi da uku da wani abu. Injiniyan da ya ɗora maka mai bit 32 ɗin ba mugu ba ne. Filas ɗaya gare shi tun zamanin Windows 7, da shi yake yi wa kowace kwamfuta fomat, kamar yadda ya koya a wurin maigidansa. Masu 'yan ƙananan laftof ɗin nan da suka zo da Windows 7 Starter kuwa, kamfanin Windows ɗin da kansa ya taka musu birki a gig 2.

Magani shi ne a ɗora mai bit 64, kuma ba a hawa daga wannan zuwa waccan sai an share komai. Saboda haka kwashe fayilolinka tukuna, musamman jerin masu bashi. In ka manta, mutanen da suka ɗauki wake tun kaka za su daɗe suna yi wa injiniyan addu'a. Windows 11, wadda ta fito a Oktoban 2021, ba ta ma da mai bit 32, sai dai takan ƙi hawa tsofaffin na'urori.

Akwai kuma aikin ƙanin amarya. Kowane gida na da irinsa: ya kalli bidiyo a YouTube kan yadda ake sa kwamfuta gudu, ya shiga inda ba a aike shi ba. Danna maɓallin Windows da R, rubuta msconfig, je Boot, sannan Advanced options. In akwai alama a akwatin Maximum memory, cire ta, ka sake kunnawa. Wannan akwatin ba ya ƙara komai, rage wa Windows yake yi.

Har yanzu shiru? Lokacin kunnawa danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, ka ga nawa BIOS ya ƙirga. In shi ma 4 ya gani, Windows ta fita zargi, sai a nemo sukuddireba. Kashe laftof ɗin, zare caja, cire batir in mai ciruwa ne. Taɓa ƙofar ƙarfe kafin ka sa hannu, don ɗan tartsatsin nan da ke fita daga yatsa a bushewar hunturu ya isa ya kashe ram. Ƙarƙashin murfi za ka ga 'yan sanduna kore guda biyu, kowace da maƙalai biyu a gefe. Buɗa maƙalan waje, sandar za ta ɗago kai da kanta. Duba haƙoranta masu ruwan zinare. Laftof ɗin da ta yi kaka biyu tana shaƙar ƙurar tirela da ƙaiƙayin gero, abin da za ka tarar a wurin ya kusa isa a shuka alayyafo. Goga haƙoran a hankali da kilinar fensir, ka kaɗe ramin da busasshen burushi. Ban da fetur. Ban da hurawa da baki bayan an ci goro. Tofi ma a yi shi daga nesa. Mayar da ita a karkace, ka danna ƙasa har ka ji ƙas. Gwada su ɗaya-ɗaya, kowace a kowane rami, ka san ko sanda ce ta mutu ko rami.

In sabuwa ka ƙaro, karanta takardar jikinta. DDR3 da DDR3L tsagarsu ɗaya, za su shiga rami ɗaya lafiya lau, amma ta farko bolt 1.5 take ci, ta biyu 1.35, kuma na'ura irin EliteBook 840 G1 ta biyun take so. DDR4 kuwa tsagarta daban. In ta ƙi shiga, kada ka kira ɗan dako ya taya ka dannawa. Laftof ɗin wajejen 2006 masu cif ɗin Intel 945 kuma, ko wace Windows aka ɗora musu ba sa wuce uku da 'yan kai. Wannan a bar wa yara su koyi taifin.

Sai in takardar jikin sanda ta ce gig 8, BIOS kuma ya nace a kan 4 a kowane rami, a wata na'urar ma haka. To yanzu kana da magana. Ɗauki rasit, ka tafi da dattijo ɗaya mai sanyin baki, ka koma shagon da ka saya kafin la'asar.