Wasiƙa Daga Shikago: Makokin Ɓera Mawaƙi

Zuwa ga taubashina,

Saƙonka ya iso, na kuma ga zargin da ka yi mini cewa tun da na sauka Amurka ba ni da labari sai na sanyi da tsadar haya. To, gyara zama, domin yau zan ba ka hikayar wani makoki da na tarar ana yi a ƙasar nan, wanda magidanta masu furfura, waɗansu har da jikoki, suke zamansa da zuciya ɗaya, alhali kuwa mamacin ɓera ne, ɓeran ma na ƙarfe da roba.

Asalin al'amarin yana komawa ga wani mutum mai suna Nolan Bushnell, wanda shi da abokinsa suka kafa kamfanin Atari a 1972, suka fito da wani akwati mai tsayin mutum, da gilashin talabijin a fuskarsa, wanda ba ya motsi sai an jefa masa kwata, wato tsabar santi 25. Wasan da ke ciki, Pong, sanduna biyu ne kawai suna mayar wa juna ɗigon haske, amma sai ga shi jama'a sun yi masa caa. Da mutumin ya lura galibin akwatunan nan a mashaya ake ajiye su, inda uba mai mutunci ba zai kai ɗansa ba, sai ya buɗe wani gidan cin abinci a birnin San Jose na jihar Kalifoniya a 1977, inda ake sayar da fiza, wata faffaɗar gurasa da ake narka wa cuku a kai. Hikimar kuwa ita ce, kafin gurasa ta gasu, yara sun riga sun ƙwaƙule aljihun ubansu a bakin akwatuna. An ruwaito daga bakinsa cewa ya sayi wata rigar shiga-burtu ta dabba domin ta zama tambarin gidan, yana zaton ta wani irin dila ce na ƙasarsu, da kaya suka iso aka kwance sai ga doguwar jela: ashe gafiya ce. Maimakon ya mayar, sai ya rungumi ƙaddara. Mashawartansa dai sun hana shi rubuta sunan gafiya a ƙofar gidan abinci, aka raɗa wa dabbar suna Chuck E. Cheese, bayan shekaru kuma aka sassauta mata kamanni ta koma ɓera. Ka duba ikon Allah, taubashi: halittar da Inna take haɗa mata tarko da kyanwa, a nan ita aka ɗora bisa dandamali, aka miƙa mata makirfo, iyaye suna biyan kuɗi a yi bikin haihuwar 'ya'yansu a gabanta.

Ba a daɗe ba sai ga kishiya. A 1980 aka buɗe ShowBiz Pizza Place a Kansas City, wadda ta shahara da nata makaɗan masu suna Rock-afire Explosion, ƙirar wani matashi Aaron Fechter na birnin Orlando: goggon biri a kan fiyano, kare a kan ganguna, kyarkeci mai barkwanci, da wata 'yar ɓera mai waƙa. Dukkansu mutum-mutumi ne, ƙashinsu ƙarfe, kuma matsattsiyar iska ce ake turawa ta bututu take ɗaga musu hannu, ta buɗe baki, ta kifta ido, don haka idan waƙa ta lafa sai a ji suna huci suna ƙaras-ƙaras, rabin yaran wurin suna tafi, rabi suna ihu a bayan zanen uwayensu. Daga nan jama'a suka rabu mazhaba biyu. Gidan ɓera ya karye a 1984, ShowBiz ta haɗiye shi, amma a farkon shekarun 1990 sai masu kamfanin suka feɗe goggon biri da jama'arsa, suka tufatar da ƙasusuwansu da fatun ɓera da abokansa, aka shafe sunan ShowBiz ɗungurungum. Akwai wani abokin aikina, dattijo mai natsuwa wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya a kan siyasa ba, amma ranar da na yi kuskuren cewa ai duk ɗaya ne, sai da ya ajiye kofin shayinsa ya karanta mini tarihin wannan fitina daga farko har ƙarshe, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

Shi ne kuwa ya ja ni wata unguwa a gefen Shikago, Brookfield, inda akwai wani gida mai suna Galloping Ghost da aka buɗe a 2010, an jera ɗaruruwan tsofaffin akwatunan nan cikin duhu da ƙara, ana biya sau ɗaya a ƙofa a wuni ana bugawa. A nan na yi ido huɗu da shehinsu, Pac-Man, wanda kamfanin Namco na Japan ya fitar a 1980, wanda kuma mai ƙirarsa, Toru Iwatani, ya ce siffarsa ta zo masa ne daga fiza da aka yanke yanki guda. Halitta ce da ba ta da kome sai baki, sana'arta haɗama, tana bin lungu-lungu tana lamushe ɗige-ɗige, fatalwa huɗu suna biye da ita. Wallahi da na gan ta kai ka faɗo mini a rai, ranar walima. Ma'abota wannan ilmi sun tabbatar mini cewa wasan yana da mataki 256, a na ƙarshen lissafin na'urar yake cika ya tumbatsa, rabin allo ya dagule da haruffa marasa ma'ana, kuma iyakar makin da ɗan Adam zai iya samu shi ne 3,333,360, akwai kuwa waɗanda suka ƙarar da ƙuruciyarsu wajen neman wannan adadi. Ni dai fatalwa ba su bar ni na ga mataki na uku ba.

Har ladubba gare su, irin waɗanda ba a rubuta ba amma kowa ya haddace. A zamanin da, in ka tarar wani yana bugawa, ba ka yi masa magana, sai ka ɗora kwatarka a gefen gilashi, ta zama shaidar cewa kai ne na gaba. Wanda ya yi fice kuma akwati zai ba shi damar rubuta haruffa uku na sunansa, su zauna a allo har ranar da wani ya ture shi, ko mai gida ya zare wuta.

Abin da ya kashe kasuwar a fili yake: na'urorin wasa sun shiga gidaje, daga baya suka shiga aljihu. Kamfanin ɓera ya sake durƙushewa a 2020 lokacin annobar korona, ya ci gaba da kwashe mutum-mutumin yana maye gurbinsu da allunan bango da filin rawa, tsabar jefawa ma ta koma kati. A 2023 aka shelanta cewa reshen Northridge na Kalifoniya kaɗai zai riƙe makaɗansa, da koke ya yi yawa aka ƙara waɗansu 'yan rassa, mutane suna niƙar gari suna tafiya ziyara. Yaran yanzu kuwa sun fi sanin halittun nan ta wani wasan ban tsoro na 2014, Five Nights at Freddy's, inda suke sauka daga dandamali da dare suna farautar mai gadi, abin da ya nuna mini cewa waɗancan masu ihu a bayan zane su ne suka fahimci lamarin tun farko.

A nawa nazarin, ba ƙarfen suke bege ba, tun da wayar da ke aljihun kowannensu ta fi duk akwatunan nan iko. Abin da suka rasa shi ne tsayuwa kafaɗa da kafaɗa, da a ci ka a gaban jama'a a yi maka dariya, irin abin da dandali yake ba mu kyauta a daren farin wata. 'Yan kasuwa sun gane haka sarai, shi ya sa akwatin da aka zubar a juji jiya, yau ake goge shi a sayar wa wanda ya yi wasa da shi yana yaro da tsada mai sa a riƙe baki.

Ina roƙonka ka kai wa Malam mas'alar nan a asirce, ba tare da ka ambaci sunana ba: mene ne hukuncin wanda ya ga sura, ya ji kiɗa, ya ɓata wuni cikin lagawu, duk a zama ɗaya? In zai yi sassauci, ka gaya masa fizar da na ci mai cuku ce zalla, domin jan naman da suke jerawa a kai galibi na alade ne. In kuma zai tsananta, ka sanar da shi ba shi ne farau ba, gama birnin New York ya haramta wasan ƙwallon ƙarfe da suke kira pinball daga 1942 har 1976 bisa hujjar cewa caca ce.

Kuɗin sharar da kake ta aiko mini da tuni a kansu, ka yi haƙuri, kuɗin ƙofa da na gurasa sun cinye su, sai baɗi in Allah Ya kai mu. Ka gaishe da Inna da Baffa da yara duka, kuma in an sami mai tahowa a aiko mini da kuka da daddawa, don cuku ya ishe ni.

Haza wassalam.

Naka,
Taubashinka na Shikago