Goro Baƙo Ne, Ga Yadda Ake Yi Masa Masauki

Duk wanda ya taɓa sayen ƙwarya biyu ta goro a kasuwar Madawa cikin watan Fabrairu, ya kai gida Buza ko Keita ya zube a kwano bisa taga, ya san abin da ke biyo baya. Goron da ya shigo gida sumul kamar fuskar amarya, kafin kwana huɗu ya yamutse ya koma kamar diddigen manomi a ƙarshen rani. Daga nan sai maigida ya hau faɗa, wai mai goro ya cuce shi. Malam, bar mai goro ya huta. Kai ne ka yi baƙo ka bar shi a rana.

Goro ɗan kurmi ne. Iccensa yana son ruwan sama fiye da milimita 1,200 a shekara, ga inuwa, ga raɓa. Mu kuwa nan, abin da muke samu a matsakaici bai kai milimita 500 ba, kuma da hunturu danshin iska yakan faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana tsaka. Iskar da ta sa aka shiga dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya tun 1975 don ta bar gero ya tsaya da ƙafarsa, ita ce kake so ɗan goro ya yi kokawa da ita tsirara. Ka ji tsoron Allah.

Kakanninmu fatake sun fi mu sanin haƙƙin wannan baƙo. Daga Salaga ta ƙasar Gwanja suke ɗauko shi bisa jakai, wata da watanni a hanya, a naɗe cikin ganye a ɗaure huhu-huhu. A zango ana kwance kaya, a tsince wanda ya lalace, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa, ga ƴan fashi a gaba, ga masu karɓar fito a bakin kogi, amma goro ya iso ƙasar Hausa da ransa. Yanzu mota ke kawo shi daga Shagamu da Gana da Kodebuwa cikin ƴan kwanaki, sai a ɗakinka ne zai mutu?

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne ke wannan hidima. Attajiran Turai da Amurka masu shan naɗaɗɗiyar tabar Kuba, mai kaurin babban yatsa, suna da akwati na musamman da ake shafe cikinsa da katako mai ƙamshi. A ciki suke riƙe danshi wajen kashi 70 cikin 100, zafi kuma kusan digiri 20, har da ɗan agogon awon danshi a jikin murfi. Dokarsu ta farko kuwa ita ce, ba a zuba taba a sabon akwati ranar da aka sayo shi. Sai an ajiye masa tataccen ruwa a ciki na kwanaki, katakon ya sha ya ƙoshi, in ba haka ba tabar zai tsotse har ta tsattsage. Tabar dai ban ba ka shawarar kusantarta ba, huhunka amana ne. Dokar ce ta yi mini, don ita ce dokar sabuwar tukunya, kuma tsofaffin matan garinmu sun san ta ba su taɓa ganin Kuba ba.

To, je ka wurin mai tukwane ka zaɓi tukunyar ƙasa madaidaiciya, mai baki da hannu zai shiga ya fito ba gardama. Ƙwanƙwasa ta da yatsa. In ta amsa da murya garau, ɗauki. In ta amsa kamar mai mura, akwai tsaga, bar wa wani. Kuma sabuwa nake nufi. Kada uwargida ta ce ga wata nan a madafa ba a amfani da ita. Tukunyar da ta taɓa ganin daddawa ba ta mantawa har abada, goro kuwa maroƙin wari ne, duk abin da ya tarar sai ya ɗauka.

Sabuwar tukunya ƙishirwa gare ta, daga wuta ta fito. Cika ta da ruwa mai tsabta, ka bar ta kwana biyu ko uku, kana zubarwa kana sakewa kowace safiya, har ƙaurin gashi ya fita, jikinta ya yi sanyi daga waje. A nan ne mutane ke faɗuwa, wajen haƙuri. Wani da ya ga tukunya ta jiƙe sau ɗaya sai ya ce ai ta sha. Ba ta sha ba, kurkure baki ta yi. Ran na uku ka juye ruwan, ka kifa ta a inuwa ta tsane. Abin da ake nema shi ne ka sa bayan hannu a ciki ka ji sanyi, ka fito da shi ba ɗigo. Bayan hannun nan shi ne agogonmu, ba ya cin batir, ba a kuma aro shi a ƙi maidowa.

Sai shimfiɗa. In ka samu ganyen da aka naɗo goron da shi, roƙi mai goro ya ƙara maka, shi ne zanen da ya saba da shi tun daga gida. In babu, yanki ƙyallen buhun algarara ka wanke shi tas. Amma ina roƙonka, ɗan Madawa, ka shinshina buhun tukuna. Ƙasarmu ƙasar albasa ce, kowane buhu a nan yana da tarihi, kuma ba a taɓa yin ɗaurin auren da aka ji daɗin goro mai warin albasa ba. Su biyun ma ba sa zama ɗaki ɗaya. Albasa tana son rudu, a ɗage ta daga ƙasa, iska ta ratsa ta, ta bushe ƙayau. Goro yana son duhu da sanyi da lulluɓi. Kishiyoyi ne, kowace da ɗakinta.

Yanzu zauna bisa tabarma ka zube goron, ka bi shi ɗaya bayan ɗaya kamar mai awon amarya. Wanda ya rabe ya zama farsa, ware shi, shi za a fara ci, don da zarar goro ya buɗe iska ta shiga sai ya rine ya bushe. Wanda ya ƙuje, shi ma gefe. Babban abin nema shi ne sankara. Duba ɗan ƙaramin huji ko baƙin tabo mai laushi. Wani ɗan ƙwaro ne ke yin ƙwai a jikin goro tun daga gona, tsutsar ta zauna a ciki tana ci tana ƙiba, in ta girma ta fito ta nemi na kusa. Guda ɗaya ka yi wa kara, ka ce ai babba ne, kuɗi na sa, kafin wata ya kama ya raba wa maƙwabta. Masu tabar can ma da nasu ƙwaron, zafi na tashi yake ƙyanƙyashewa ya huda musu dukiya. Kowane mai taska da ɓarawonsa.

Wanda ya tsira daga tantancewa, ɗauraye shi sama-sama, ka bar shi ya tsane a inuwa, ka jera a tukunya, ka lulluɓe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Jiƙaƙƙe na ce, ban ce mai zuba ba. Matse shi har sai ya daina hawaye. Ruwa in ya yi yawa goro zai yi fumfuna, ko kuwa ya ɗauka damina ta faɗi ya fara tsiro, ka buɗe tukunya ka tarar kana da gona. Rufe bakin da faifan kaba, irin wanda matanmu ke saƙawa, yana tare ƙura yana barin numfashi. Leda kuwa, in ka ɗaure ta tam cikin zafin Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 40, gumi za ta tara masa har ya dahu.

Mazaunin tukunyar gindin randa, bisa jiƙaƙƙen rairayi, nesa da bangon da rana ke duka da la'asar. Masu firigo, ku yi hankali. Wurin ƙanƙara kashe goro yake, ya fito ya narke ya yi laushi, kuma kuran da ke zuwa yana tafiya ba abin jingina baƙo ba ne.

Da hunturu ka taɓa ƙyallen duk bayan kwana biyu, in ya bushe ka sake jiƙawa. Da damina rage hannu, iska da kanta tana shayar da shi. Sau ɗaya a mako ka juye duka, ka sake tsincewa, na ƙasa ya koma sama. Goron da aka yi wa haka yana kai watanni, har ya kwanta ya zama daushe, ɗacinsa ya lafa, garɗi ya fito, irin wanda tsofaffi ke lumshe ido in sun tauna.

Abu ɗaya ne ba wasa a cikinsa. Kada ka kuskura ka barbaɗa maganin ƙwari, na gona ko na rumbu, a kan goro. Ba a dafa goro, ba a ɓare masa bawo, daga tukunya sai baki, bakin kuma na mahaifinka ne da limaminku. Maganin sankara ido ne da yatsa.

Saura ƙwaro na ƙarshe, mai ƙafa biyu da hula. Shi ba ya huda goro, ɗauke shi yake yi ɗungurungum. Za ka gane shi da sallamarsa, wadda ke zuwa daidai lokacin da ka zube goro bisa tabarma.

"Alhaji, aiki ake? Kawo in taya ka dubawa, idona ya fi naka."

Ka lura, duk goron da ya ce yana da sankara, marsa ne, mafi girma a tarin, kuma aljihunsa ne asibitin. Kada ka yi rowa, goro don a ci aka yi shi, kuma baƙon da aka hana goro ya tafi da labari. Dabara ita ce ka ajiye ɗan kwano a zaure, ka zuba farsar nan da ƙananan da ka ware. Yana zama ka miƙa masa da hannu biyu, ka ce, "Bisimilla, Malam, na ajiye maka naka." Bakin da ke tauna ba ya tambayar ina tukunya take.

Wannan dabara ba ta cin kaka. Ita ta san inda tukunyar take tun kafin ka yanke shawarar inda za ka sa ta. In ka ƙirga ƙwarya ka tarar da 97 maimakon 100, kada ka tara yara kana tuhuma, dubi leɓen tsohuwa. Ka ce, "Kaka, an ce ɓera ya shiga tukunya." Za ta ce, "Ɓeran nan shi ya goyi ubanka." Shari'a ta ƙare. Tun ranar saye ka ƙara mata rabin ƙwarya a lissafi, ka zaɓa mata farare masu laushin tauna.

Ranar suna ko ɗaurin aure, kada ka fito da goron tun dare. Bari sai an sallame asuba, ka ɗaga faifai, ka ɗauki guda ka raba da babban yatsa. In ya ce ƙas, cikinsa ya fito da sheƙi, jera sauran a faranti ka lulluɓe da ƙyalle mai danshi, ka ba yaro mai hankali ya bi ka da shi, a fara da liman.