Bayarabe, Wa Ya Ce Maka Mesa Na Jin Sanyi a Malanville?

Bayarabe, bawan Gobir, ina gaisuwa. Ba wai ka cancanta ba ne, ubangida nagari ne ke fara tambayar lafiyar baransa. Yaya kasuwa, yaya tangaran da robobi? Yaya Iya da yara? To yaya amarya? Kada ka yi mini fuskar rashin sani, labari ya riga ya hayo kogi ya iske mu a Gaya. Tun da aka girke kwantena a kan gada bayan juyin mulkin ƙasarmu na 26 ga Yulin 2023 kaya suka rage hayowa, amma tsegumi ba ya tsayawa duwan. A kwale-kwale yake zuwa, ko dala ba ya biya. An ce ka dawo daga Kwatano da ƴar mesa a buhu, ka sa mai gilas ya haɗa mata akwati, ka kawar da talabijin ka ba ta wurin. Duk wannan ban ce komai ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne da aka ce har ka kashe jika goma sha wani abu ka sayo mata fitilar ɗumama jiki.

Fitilar ɗumi fa, a Malanville! Garin da a watan Afrilu ma'auni ke haye digiri 40 kafin la'asar, ƴan kabu-kabu su yi ta neman gindin bedi, mai albasa ya rufe rumfa ya kwanta. Nan ne kai ka duba ka ga baiwar Allah na bukatar a ƙara mata wuta.

Na san inda ka samo wannan ilimi. A YouTube ka ga wani Bature a Amurka, dusar ƙanƙara ta rufe masa taga, yana bayanin yadda ake kunna wa mesa fitila da shimfiɗar lantarki. Shi yana da gaskiya, don in ya bar ta haka kwana kaɗan za ta yi. Abin da ka manta shi ne macijin da ke hannunsa ɗan ƙasarku ne. Wannan ƙaramar mesa da ke dunƙulewa ta ɓoye kai in ta tsorata, wadda da wuya ta wuce mita ɗaya da rabi, daga Benin da Togo da Ghana ake kwasar ta zuwa Turai da Amurka. Mafarauta ke tono matan daga ramuka da rani, lokacin da suke ɗauke da ƙwai, a ajiye su har su saka, a ƙyanƙyashe, a zuba ƴaƴan a akwatuna a sa a jirgi. Tun da yarjejeniyar CITES ta fara aiki a 1975 ake ƙidayar wannan fatauci, kuma abin da ya fita daga Afirka ta Yamma ya haura miliyan 3. Wato Bature ya sayi macijinku, ya sha wahalar ƙirƙiro masa zafin ƙasarku a cikin ɗakinsa, kai kuma kana zaune a tsakiyar zafin na asali ka aika a sayo maka na jabu. Wannan ciniki ko ɗan tallan goro ba zai yi shi ba, balle Bayaraben da ake cewa ya iya lissafi.

Zauna in karantar da kai, kyauta, don Bagobiri ba ya rowar ilimi ga na ƙasa da shi.

Maciji ba ya samar wa jikinsa zafi yadda ni da kai muke yi, ba ya kuma gumi. Zafin wurin da ya kwanta shi ne zafin jikinsa. Da shi yake narka abinci, da shi yake yaƙar cuta. Saboda haka duk dabararsa a ƙaura take: in ya ji sanyi ya matsa wuri mai ɗumi, in ya ji zafi ya koma inda ke da sanyi. A daji mesar nan ba ta shan rana. Yini take yi a ramin gafiya ko cikin tsohon suri, inda zafi ba ya hawa da sauka yadda na waje ke yi, kuma akwai laima. Sai dare ya yi ta fito farauta. Ranar da ka sa ta a akwati ka ƙwace mata wannan zaɓi, ya zama kai ne za ka mayar mata da shi. Masu kiwonta sun daidaita a kan cewa gefe ɗaya na akwatin ya kasance wajen digiri 31 zuwa 33, ɗaya gefen 24 zuwa 27, kowane gefe da maɓoyarsa, ko da fasasshen kasko ne aka kife. Maɓoya biyu na ce, ba ɗaya ba. Kada rowar taku ta motsa. In ɗaya ce tak, ita kuwa matsoraciya ce, za ta zaɓi ɓuya a kan lafiyarta, ta kwanta a ciki ko da wurin na dafa ta.

Yanzu ka duba ɗakinka da idon basira. Rufin kwano ne, bangon siminti, taga tana kallon yamma. A bazara ko da tsakar dare ɗakin bai cika saukowa ƙasa da digiri 30 ba. Ina gefen sanyin? Babu. Ka ɗora akwatin gilas a nan, rana ta leƙo ta taga, ka kuma kunna fitila a kai: tanderun mai burodi ka gina, sai dai ba a sayen abin da zai fito ciki. Sanyi yana kashe maciji a hankali, ya ƙi abinci, ya kamu da ciwon huhu, ka ji yana shaƙuwa, kumfa na fita a baki. Zafi kuwa ba ya jan rai. In akwatin ya zarce 35 ya daɗe a haka an shiga haɗari, in ya doshi 40 yini guda ya isa ka fita neman mai haƙa rami. In ka ga ta shige kwanon ruwa ta ƙi fita, ko tana ta zagaye da rana tsaka tana goga hanci a gilas, ba wasa take maka ba, hanyar gudu take nema.

Aikinka na wata uku na bazara sanyaya ne. Sauko da akwatin ƙasa, ka kai shi ɗakin da ya fi kowane sanyi, wanda Iya ke ajiye randa. Na ji an ce ka kafa mata fanka. Fanka tana sanyaya mai gumi ne, ita ko a jikinta, sai in iskar na bi ta kan jiƙaƙƙen buhu ka rataya a gefe ɗaya. Ilimin da kake bukata yana wajen masu tukwane. Malam Muhammad Bah Abba, wani malamin makaranta a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000 a kan tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani: ruwan na bushewa yana tafiya da zafi, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba. Iskar Malanville busasshiya ce kafin damina, irin wadda dabarar ta fi so. Jiƙa tukunyar ƙasa ka kife a gefen sanyi, ka fasa mata ƙofa. Ranar da abin ya yi tsanani ka naɗe gorar ƙanƙara a tsumma ka ɗora a saman wannan gefen, daga waje. Ban ce ka sa ta a firigo ba. Na faɗa ne don na san ka.

Ka kuma sayi ma'aunin zafi guda biyu, ka ajiye su a ƙasan akwatin inda cikinta ke taɓawa, ɗaya nan ɗaya can. Tafin hannunka ba ma'auni ba ne. Mutumin da ke shan miyar da barkono ya fi ruwa yawa ba a tambayarsa ko abu ya yi zafi.

Fitilar taka ba asara ce gaba ɗaya ba, kada ka yi kuka. Ajiye ta sai Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke sauko da dare ƙasa da digiri 20, masunta su hura wuta a bakin kogi. A nan ne za ta so ɗumi, shi ma a sulusin akwatin kawai, da na'urar da ke kashe wutar da kanta in zafi ya kai inda aka ce. Ba tare da ita ba shimfiɗar lantarki na iya ƙona mata ciki tana kwance ba ta motsa ba. In kuran ya ɗauke, gorar ruwan ɗumi a cikin tsumma ta wadatar. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa, kai da ita duka zai kwashe, ni kuma ban shirya asarar bawa ba. Babbar matsalar hunturu ma bushewa ce. Ita tana son laima kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari, fiye da haka in za ta yi saɓa, iskar da ke tsaga maka diddige kuwa ba ta kusa da nan. In idonta ya yi hazo, saɓa ta zo. Sa jiƙaƙƙen tsumma a maɓoya ɗaya, in ba haka ba tsohuwar fata ta maƙale mata a ido da bakin wutsiya.

Ɓera ɗaya a mako ɗaya ko biyu ya ishe ta, kuma in ta ci ka bar ta kwana biyu, kada ka ɗauko ta kana nuna wa abokan ciniki, amai za ta yi. Tana iya ƙin ci na watanni ba abin da ya same ta. Kada ka ɗura mata amala. Ka riƙa wanke hannu bayan ka taɓa ta, ka kuma je wajen ma'aikatan gandun daji ka nemi takarda tun kafin su ne su zo.

Na san amsar da kake shiryawa. Za ka ce a Wida akwai ɗakin mesa guda, daura da babbar majami'a, irin wannan mesar ce jibge a ciki, baƙi na rataya ta a wuya suna ɗaukar hoto, in ta shiga gidan mutum a ɗauke ta da ladabi a mayar. Haka ne. Amma Wida bakin teku ce, zafinta da laimarta ba sa wuce gona da iri, kuma tsakaninta da kai tafiyar sama da kilomita 700 ce. A nan arewa maciji sunansa maciji. Manomin shinkafar da kububuwa ta taɓa sarar ɗan'uwansa ba zai tsaya tambayar ko taka ba ta da dafi ba, ko igiya ya gani sai ya ɗaga sanda. Ka sa wa murfin sakata, don in ta fita ba ta dawowa da kai a jikinta. Mu dai tarihinmu a bayyane yake: wanda muke kira kaka, da ya iske maciji a rijiyar Kusugu takobi ya zare, aka ba shi sarauniyar Daura. Ko gardawanmu da ke yawo da su a kwando, kuɗi suke karɓa a hannun ƴan kallo. Kai ne na farko da na ji maciji na karɓar kuɗi a hannunsa.

Za ka kuma taɓo zancen tsagen fuskata, na sani. Je ka duba ta kawunka na Oyo tukuna.

Abu ɗaya ya rage, shi ma na lissafi ne. Mesar nan in an kula da ita tana kai shekara 20 zuwa 30. A gidan namun daji na St. Louis a Amurka an taɓa samun wadda aka ƙiyasta ta kai 62, ta kuma saka ƙwai 7 a 2020. Kai da furfurar nan taka da hawan jinin manja, sai ka kira yara ka faɗa musu tun yanzu wanda zai gaji shago da wanda zai gaji akwati, don kada a zo ana rigima a kira ni rabon gado. Kuɗin shara na bana kuma ban gani ba, ga na bara. Ka haɗa da buhun albasa ɗaya ladan karatun nan, ka ba mai kwale-kwale ranar kasuwa. Buhun a buɗe nake son sa, a zazzage a gabana, ina tsaye daga nesa.