Babarbare, Muƙamuƙi Ba Ya Zance

Bawana Babarbare, wushe. Labarinka ya iso mini tun kafin ka kwashe hulunanka daga babbar kasuwar Jalingo. An ce yarinyar nan ta Mayo Gwoi ta turo ƙanenta ya ce maka ba ta nan, alhali ana jin dariyarta daga tsakar gida, kai kuma ka koma teburin mai shayi kana kafa hujja da kimiyya. Wai Turawa sun gano akwai kwanaki a wata da zuciyar mace ke karkata ga namiji mai faffaɗan muƙamuƙi da tudun gira, irinka ke nan. Saboda haka ba ƙin ka ta yi ba, ranar ce ba ta faɗo daidai ba.

To zauna ubangidanka Bafillace ya karanta maka, tunda ka tsinci rabin zance a waya ka ruga da shi.

Maganar tana da asali, ban hana ka ba. Sinadarin testosteron ne ke faɗaɗa muƙamuƙin yaro idan ya balaga, ya fito masa da ƙashin gira da gemu. A 1999 wani masani, Ian Penton-Voak, da abokan aikinsa suka buga bincike a mujallar Nature, suka ce a kwanakin da mace ta fi kusa da ɗaukar ciki takan ɗan fi son irin wannan fuskar. Yadda ake gwajin ma abin dariya ne. Hoton fuska ɗaya ake sa wa kwamfuta, ta ja haɓar ta ƙara mata faɗi, ta sauko da gira. A ɗaya kwafin kuma ta sirance haɓar, ta tausasa fuskar. Sai a ce wa mace ta zaɓa. Ba murya, ba gaisuwa, ba warin baki, ba a tambayi sana'arsa ba.

Nan karatunka ya tsaya. A 2018 Benedict Jones da tawagarsa a Jami'ar Glasgow suka sake gwajin da mata 584. Ba su tsaya ga lissafin kwanaki da baki ba: mako-mako matan ke zuwa su ba da yawunsu a ɗan bututu, a auna sinadaran estradiyol da projesteron da testosteron, sannan a nuna musu hotunan. Sinadaran suka hau suka sauka yadda suka saba, amma ba a ga zaɓin matan yana bin su ba. Ko masu shan ƙwayar tazarar haihuwa ba a sami hujjar cewa ta sauya musu ido ba. Wadda ba ta so ka ranar Talata ba, kada ka sa rai da Juma'ar makon sama.

Don kada ka ce Fulani ba su da adalci, ga naka kason: a binciken na Glasgow matan sun fi karkata ga fuskar da aka ƙara wa muƙamuƙi, musamman idan ba zaman aure ake nufi ba. Kai kuwa aure ka ce kana nema. Tun a 1998 David Perrett na Jami'ar St Andrews ya gwada Turawan Birtaniya da Japanawa, suka fifita fuskar namiji mai ɗan taushi. Da aka ƙara wa hoto muƙamuƙi sai masu kallo suka riƙa ganin mutumin ya fi iko da shekaru, amma ya ragu a fara'a da gaskiya da iya riƙon 'ya'ya. Ban ce da kai suke ba, ko da yake har yau ban ga cikon kuɗin nonon da ka sha ba.

Da ka tambaye mu ma da ba ka wahala ba. 'Yan'uwanmu Woɗaɓe na Nijar suna Gerewol a ƙarshen damina, wajen Ingal, kuma can mata ne alƙalai. Samari su shafe fuska da jar ƙasa ko rawaya, su ja layi daga goshi zuwa karan hanci don ya ƙara tsawo, su baƙanta leɓe don haƙora su yi fari tas, su jera suna zare ido cikin rana. Budurwa ta tako a hankali ta nuna wanda ya yi mata. Tsawo ake dubawa, da siririn hanci, da farin ido, da juriya. Kai da tsagenka tun daga goshi har haɓa, da wuyan nan naka, ko riƙon ƙwaryar kwalliya ba za a ba ka ba.

Abin da ƙawayenta ke faɗa kuwa bai shafi ƙashin fuskarka ba. Sun ce kakan zo zance hannu rabbana, kai da ke sayar da turaren wuta. Ka shafe hirar kana ba da tarihin daular Borno. Ka tashi ba ko kuɗin alawar yara, sannan ka tsaya ciniki da mai keke a ƙofar gidansu kan naira hamsin.

Ka rage gemun, ka ƙulla mata humra mai kyau, ka je ka gai da babanta, ka bar ta ita ma ta yi magana. In kunya ta hana ka, zo ka durƙusa ka roƙe ni in raka ka. Sharaɗina ɗaya: kowa ya taka da fuskarsa, kuma in ta zaɓe ni ba na mayarwa.