Yadda Na Riga Gwamnatin Shagari Faɗuwa

Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta faɗi ranar 31 ga Disambar 1983. Ni na riga ta da mako biyu, kuma a makarantar da nake koyarwa a Zariya an fi daɗewa ana zancen tawa faɗuwar.

Lokacin ina sabon malami, ina haya a ciki da falo a Hanwa, dukiyata Basfa ta bashi da babbar riga ɗaya ta fita kunya. Katanga ɗaya ce tsakanina da malamin lissafinmu, mutumin ƙasar Filifin, wanda ɗalibai suka laƙaba wa Ɗan Manila. Shi kuwa daga wani ƙauye yake a lardin Batangas, amma wa ya san Batangas? Manila dai ko mai shayin bakin titi ya san ta, tunda can Muhammad Ali ya dambata da Joe Frazier a 1975.

Yaran yanzu sai su yi mamakin me ya kawo ɗan Filifin Hanwa. Kuɗi ne. An sami kuɗin man fetur, an ƙaddamar da ilimin firamare kyauta a 1976, makarantu suka yi ta tsirowa kamar ciyawar damina, malamai suka yi kaɗan. Sai aka shiga ɗebo su daga Indiya da Pakistan da Masar da Gana da Filifin. A can Filifin ma gwamnatin Marcos tun 1974 ta tsara fitar da 'yan ƙasarta ƙwadago waje don su riƙa aiko da kuɗi gida. Naira kuma a lokacin ta fi dala daraja. Ofishin malamanmu in ka shiga da tara na safe, kowa ya buɗe abin karinsa, hancinka kaɗai zai zagaya da kai rabin duniya.

Ranar da muka fara haɗuwa na taimaka masa ya tura Bosuwajarsa da ta ƙi tashi. Da ta tashi ya leƙo ya ce, "Salamat!" Na ce, "Wa alaikumus salam." Na kwana uku ina baza labari a masallacin unguwa cewa baƙon nan saura ƙiris ya karɓi kalma, kafin na gane "na gode" ke nan da yarensu, kuma mutumin ɗan Katolika ne da ba ya fashin coci ranar Lahadi a Sabon Gari. Ya dai ce mini akwai Musulmi da yawa a kudancin ƙasarsu, wajen Mindanao, na riƙe wannan na rage kunya da shi.

Daga nan na naɗa kaina tafintansa. Ba wanda ya roƙe ni. In mai ruwa ya zo, ina nan. In mai gidan haya ya zo, ina nan. Ranar Asabar in zai je kasuwar Sabon Gari sai in faɗa gaban mota, in yi masa ciniki da ƙarfi yadda kowa zai san baƙon nan yana da gata. Shi dai murmushi, ya ce "yawwa" ko "madalla", kalmomi biyun da na yi imani su ne iyakar Hausarsa, kuma ni na koya masa.

Zaman maƙwabtaka ya nuna mini abubuwa. Mutanen nan shinkafa suke ci safe, rana da dare. Da asuba ƙamshin soyayyar shinkafa da tafarnuwa ke tsallako katanga, a zamanin da mu sai Juma'a ko Sallah ake ɗora ta. Tsohuwar gidanmu takan ce, "Wannan bawan Allah kullum Sallah yake yi." Ta taɓa aika masa tuwon masara miyar kuka, ya cinye tas, ya suɗe hannu, ya yi godiya, sannan ya shiga ciki ya ci abinci, wato shinkafa. Watan Satumba na kamawa sai ya rataye wata tauraruwa ta tsinken gora da takarda mai launi a ƙofarsa, wai Kirsimeti ta ƙarato, alhali ko gero ba a gama yankewa ba. In hunturu ya sauka kuwa sai ka gan shi da suwaita biyu da hular sanyi, fuska duk man Vaseline, yana tafiya kamar wanda aka ɗaure da igiya.

Daren Lahadi ne kaɗai ba na dariya. Sukan zauna shi da matarsa da 'yarsu gaban rikoda, su cika kaset da hira da waƙa, a aika wa mahaifiyarsa, kamar yadda 'yan'uwanmu mazauna Makka ke aiko mana. Wani lokaci muryarsa takan tsaya, kaset ya yi ta juyawa babu mai magana.

To, liyafar ƙarshen shekara ta malamai. Shugaban makaranta ya ɗora ni sakataren shiri, saboda ni ne ƙarami kuma ni ke da abin hawan da ba ya shan mai. Aka yanke kowa ya ba da naira biyar, kowace ƙasa ta kawo abincinta da wasanta. Nan da nan raɗe-raɗi ya tashi cewa tukunyar Ɗan Manila sai an yi hattara, don an san mutanensu da naman da ba a ambata. Kafin in nemo dabarar gaya masa, ya kira ni ya damƙa mini kaji shida, ya ce in kai wa limamin unguwa ya yanka, kuma sabuwar tukunya matarsa ta saya. Abincin adobo suke ce masa: kaza a dafa ta da ruwan kal, da baƙin ruwan waken suya, da tafarnuwa, da masoro, har ta yi duhu tana walƙiya. Ban san zan san wannan miya da jikina fiye da bakina ba.

Wasan da zai kawo sunansa tinikling, wai kwaikwayon wata tsuntsuwa ce mai suna tikling da ke tsallake tarkon manoma a gonar shinkafa. Mutum biyu su durƙusa suna riƙe da dogayen gora biyu. Su buga ƙasa sau biyu a ware, na uku su haɗe su, ƙas! Mai rawa ya sa ƙafa a tsakiya lokacin bugu biyun, ya fitar kafin na uku. Iyakarta ke nan. Ya ce in samo masa gora biyu busassu marasa nauyi. Na tafi wajen masu kayan gini a Tudun Wada, aka nuna mini sirara, na ce haba, kada baƙo ya raina mu. Na zaɓi irin waɗanda magina ke kafa dandamalin bene da su, ɗanyu, kowace kaurin damtsena biyu. Da ya gan su ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Madalla."

Akwai abin da ban faɗa ba. Akwai wata malama mai koyar da girki da ɗinki, wadda na shafe wata huɗu ina gaishe ta da "Malama, ya aiki?" ban iya ƙara komai ba. Na ƙudura daren nan za ta san da ni. Na sha babbar rigar shadda an buge ta a gidan bugu tana ƙara, da hula zanna bukar ta aro, da turaren da ya ishi mutum uku.

An yi abin a ɗakin cin abincin ɗalibai, 'yan aji biyar suna raba lemo. Malamin kimiyya Ba'indiye ya rera waƙa mai tsawon zangon karatu. Bagane ya kaɗa jita. Sai aka shimfiɗa gorata. Matar Ɗan Manila da wata ƙawarta ma'aikaciyar jinya suka riƙe, na ga suna cije leɓe don nauyi, amma suka daure. 'Yarsu mai shekara tara ta shiga ba takalmi, tana tsalle tana juyi tana murmushi kamar ba ta san akwai gora a ƙasa ba. Aka yi ta tafi. Na ga Malama ta ce wa ta kusa da ita, "Kai, wannan sai su."

Ni kuwa da na ji "sai su", sai na ji kaina a tsaye.

"Wannan ai langa ce," na ce yadda za a ji har bayan ɗaki. "Mu da muka ci unguwa uku a langa."

Ɗan Manila ya matso ya ce mini da Turanci, a hankali, in cire takalmi in tuɓe babbar rigar. Takalmi na cire. Riga kuwa, da ita na zo neman aure, ina zan tuɓe? Na dai saɓa hannuwanta a kafaɗa.

Da an bar matan nan biyu da gorar, da wataƙila na tsira da ɗan mutunci. Amma shugaban makaranta ya ji daɗi, ya miƙe ya ce tunda namu ne zai taka, namu ne za su buga. Aka kirawo Baba mai gadi, tsohon soja da ya yi yaƙin basasa, da Inna shugabar masu girki, wadda ta shekara ashirin tana dakan tuwon yara ɗari biyar. Su gorar ba ta yi musu nauyi ba ko kaɗan. Inna ta ɗaga tata da hannu ɗaya tana jinjinawa kamar muciya. Aka yi musu bayani: ɗaya, biyu, a ƙasa, uku, a haɗe. Suka ce sun gane.

Zagaye na farko na shiga na fita. Na biyu ma haka. Ɗaki ya ɗauki sowa, na ɗaga kai na nemi idon Malama, na same shi. A nan ne wani ɗan aji biyar, Allah ya shirye shi, ya kifa bokiti ya fara kiɗan kalangu. Hannun Inna ya tuna gida, ya koma lugude. Baba kuma ya koma fareti. Ƙidayar uku ta watse, gefe guda na daka, gefe guda na maci, ni ina tsakiya ina tsalle irin na wanda ya taka garwashi. Hannun riga ya zamo daga kafaɗa ya rufe mini ƙafafu, ban ƙara ganin gora ba, sai dai in ji iskarta.

Ƙas!

Idon sawuna na dama da ƙafar wando suka shiga hannu tare. Na fizga, sawu ya ƙi fita, mazagi ya ce ɗas. Hannu ɗaya ya kai wa wando agaji, ɗayan ya nemi abin kamawa ya sami ƙyallen teburin abinci. Teburin bai zo ba, amma duk abin da ke kansa ya zo. Tukunyar adobo ta sauka a cinyata, bokitin zoɓo ya bi ta ƙirji, alewar Ba'indiye ta yi ta gangara ƙarƙashin kujeru, hular aro ta yi iyo. Ɗaki ya yi tsit. Shugaban makaranta ya ce, "Subhanallahi," ya sa hankici a baki, kafaɗunsa suna rawa.

Baba kuwa har lokacin bai saki gora ba. Ya dube ni da fara'ar wanda ya cika aiki.

"Na kama shi, Yallaɓai," ya ce wa shugaba. "Ai na ɗauka kamawar ce wasan."

Ɗan Manila ne ya ciccibe ni zuwa Bosuwajarsa, ina warin tafarnuwa da citta. Na ce asibiti, ya gyaɗa kai, sai ga mu a wani lungu a Tudun Wada da ni kaina ban sani ba, ƙofar gidan wani mai ɗori. Na buɗe baki zan yi aikina na tafinta. Sai na ji daga bayana, da Hausar Zazzagawa tsantsa:

"Salamu alaikum, Baba, barka da dare. Ya sanyin nan? Ya iyali? Ga ɗan'uwana na kawo, gora ce ta matse shi. Ina jin ba karaya ba ce, targaɗe ne, amma a duba mana."

Tsohon ya ce, "A'a, Ɗan Manila ne? Ya ƙafar yarinyar?"

Zafin jan da tsohon ya yi wa sawuna bai kai wannan ba. A hanyar komawa Hanwa na yi shiru har muka wuce Kwangila, sannan na ce, da Hausa tunda yanzu babu amfanin wani abu, "Malam, tun yaushe?"

"Shekarata shida a Hanwa, Malam. Kai biyu."

"To me ya sa ka bar ni ina ta yi maka tafinta?"

"Na ga kana jin daɗi." Ya kauce wa wani rami. "Sai dai ranar da muka je da kai, tumatir yakan ƙara kwabo ashirin. Kuma ba a ba ni gyara."

Sati uku na yi a kwance. Kullum da safe 'yarsa ke kawo mini shinkafa da tafarnuwa, har aka sanar da juyin mulki ina kan wannan tabarma, ƙafa a kan matashi. Malama ma ta zo dubiya da ƙawarta, ta ce "sannu" sau uku, a na ukun ta fita waje da sauri, ina jin dariyarta ta taga. Ita ce uwar 'ya'yana yanzu. Ta ce ta amince ne don ta riga ta ga iyakar abin da zai iya faruwa.

A Fabrairun 1986 mutanen Filifin suka kori Marcos, maƙwabcina ya kwana da rediyo a kunne. A Satumbar shekarar gwamnatin Babangida ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, albashin da ake canzawa a aika Batangas ya narke kamar man shanu a rana. Baƙin malamai suka yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya sayar da Bosuwaja, ya raba kayan ɗaki, ya kawo mini gorar nan biyu har ƙofa, ya ce ni na saye su da jikina. Da su muka kafa rumfar girki a gidanmu na farko.

Kwanan baya ina tsaye a Kwangila ina jiran Keke Napep, sai wata baƙar jif ta tsaya. Wani dattijo mai furfura ya fito, ya rusuna har ƙasa, ya ce na koyar da shi. Na yi ta ƙoƙarin tuno fuskar. Ya juya ya kira jikansa daga cikin mota.

"Zo ka gaida kakanka. Wannan shi ne Malam Tikilin da nake ba ku labari." Sannan ya rage murya. "Malam, a yafe mini. Ni ne na kifa bokitin."