An Bar Jaki Ana Dukan Kik

A Amurka akwai dattawan da idan sun yi ritaya ba gona suke nema ba, ba kuma fili ba. Tsohuwar mota suke saya mai ɗakin kwana da madafa da banɗaki duk a cikinta, su sanar da 'ya'ya da jikoki cewa za su zaga ƙasa. Wadda ta fi shiga ransu ita ce wadda kamfanin GMC ya ƙera a garin Pontiac na jihar Michigan daga 1973 zuwa 1978. Gaba ɗaya ba su kai 13,000 ba. Tayoyinta shida, na gaba ne ke ja, kuma galibinsu injin Oldsmobile mai lita 7.5 ne a ciki. Har fim ta fito, a Stripes na 1981, a matsayin motar yaƙi.

To, wannan jarumar ce za ta yi tafiyar awa uku lafiya lau, a tsaya shan mai, maigida ya murɗa makulli, sai a ji "ƙas" ɗaya, shiru. Layi ya taru a baya. Zancen a fito a tura kuwa bai ma taso ba: nauyinta ya kusa tan 5, giyarta kuma otomatik ce, ko duk unguwa ta taru ba za ta tashi da turi ba. Sai dattijo ya ɗauko guduma, ya kwanta a ƙasa da gajeren wandonsa, ya ƙwanƙwasa kik sau biyu, ya ƙwala wa uwargida kira: "Murɗa yanzu!" In ta tashi, ya fito yana karkaɗe jiki yana kallon mutane ɗaya bayan ɗaya, ko akwai mai tambaya.

Daga ranar an yanke hukunci: kik ne mai laifi. Saura a zaɓi magajinsa, a nan kuma jama'a ta rabu gida uku.

Na farko 'yan gargajiya. Su a wurinsu da tsohuwar zuma ake magani: a cire tsohon kik na kamfanin Delco mai nauyin tsiya, a sake masa burushi, a mayar. Abin da ya yi aiki tun zamanin Shugaba Nixon, in ji su, bai kamata a wulaƙanta shi don ya yi tari sau ɗaya ba. Ba sa dai faɗin yadda ake riƙe shi da hannu ɗaya, mutum na kwance rigingine, ɗaya hannun yana laluben ramin noti, tsatsa na zuba a ido.

Na biyu 'yan zamani, masu ƙaramin kik mai giya a ciki. Nauyinsa wajen rabin na tsohon, bai cika zuƙar batir ba, kuma ƙanƙantarsa na nisanta shi kaɗan da bututun salansa, wanda zafinsa ne ke gasa kik har ya kasa juyawa bayan doguwar tafiya. Hujjarsu mai kyau ce. Matsalarsu kawai, duk wanda ya saya sai ya zama mai wa'azi. Ko gaisuwar mutuwa ka je masa, sai ya kai ka gareji ka ji ƙarar.

Na uku 'yan araha. Su mafi sauƙin kuɗi a shago suke ɗauka, wanda aka yi wa kwaskwarima, mai garanti na har abada. Suna alfahari da cewa duk sanda ya mutu kyauta ake musanya musu. Gaskiya ne. Ba wanda ke musanya musu bayansu da ke ciwo.

Ana cikin wannan, ba mai waiwayar wayar batir. Shekara kusan hamsin tana nan, kanta ya yi kore, cikinta ya rube, wayar da ke haɗa inji da ƙarfen mota ta sassauta. Kik kuwa wuta mai yawa yake ja a lokaci guda. In hanya ta toshe, sabo da tsoho duk "ƙas" za su ce. Gwajin ba ya wuce minti goma da ɗan mita. Amma waya ba ta da kwali mai sheƙi, ba a ɗaukar hoto da ita.

Sai bayan kik na uku ake kai motar wurin bakanike. Yaro ya leƙa, ya girgiza waya, ya kankare ta da burushin ƙarfe, ya ɗaure.

"Baba, murɗa mu ji."

Inji ya ɗauka nan take. Dattijo ya yi gyaran murya: "Ai dama sabon kik sai ya ɗan saba da mota."

A taron masu irin motar na gaba, wani sabon shiga zai zo yana ƙorafin tasa ba ta tashi in ta yi zafi. Dattijon zai dafa kafaɗarsa, ya ce kik ne, babu tantama. Ya ma yi sa'a: akwai guda biyu a gida, kusan sababbi, zai bar masa da sauƙi.