Ja a Waya, Ruwan Goro a Takarda

Mu 'yan layin maɗaba'a, da ana ba da lambar yabo a kan rantsuwa, da tuni bangon shagunanmu ya cika. Kuma rantsuwar duk a kan abu ɗaya take, wato kala. Yaron kwamfuta ya rantse shi ja ya sa. Mai inji ya rantse abin da aka ba shi a faranti shi ya buga. Kwastoma kuwa ya zaro waya yana tare duk wanda ya gifta: "Malam, don girman Allah dubi nan, wannan da wannan ɗaya ne?" Abin dariyar shi ne duka ukun gaskiya suke faɗa.

Waya da kwamfuta haske suke kunnawa. Ja, kore da shuɗi suke haɗawa a bayan gilashi, su hasko maka a ido. Takarda kuwa ba ta da fitila a cikinta, hasken da ya sauka a kanta take mayarwa. Injinmu tawada huɗu ya sani: siyan, majenta, yalo da baƙi. Ka lura babu ja a ciki, babu kore. Duk jan da ka taɓa gani a kalanda majenta ce da yalo suka hau juna, kore kuma siyan ce da yalo. Akwai kalolin da waya ke nunawa waɗanda tawadar nan huɗu ba za ta taɓa kaiwa gare su ba, ko mai inji ya kwana yana murɗa makullan tawada. Koren nan mai walƙiya na cikinsu, haka ma shuɗin nan mai ɗaukar ido. Amma je ka faɗa wa Hajiyar da ta riga ta tura hoton katin a rukunin ƙawaye, kowa ya ce ma sha Allah.

Lokacin zaɓe ne asirinmu ya fi tonuwa. Nan Kano kowa ya san jar hula ba abin wasa ba ce. A kakar zaɓen 2023 in ka bi bango ɗaya kana kallon fostoci, sai ka ga hular mutum ɗaya ta fito kala uku. Inda yalo ya rinjayi majenta ta koma ruwan goro. Inda siyan ta ɗan leƙo ta yi duhu, ta koma ruwan makuba. Inda rana ta kwana biyu tana dukan takardar kuma yalo ya gudu, ta koma ruwan hoda. Koren tutar ƙasa ma haka yake shan wahala a hannunmu, yau ganyen mangwaro, gobe ganyen latas. Wanda ya kawo aikin zai ce an yi wa ubangidansa zagon ƙasa, har ya fara tambayar mai shagon wace jam'iyya yake yi. Alhali babu siyasa a ciki, ba a wanke abin naɗa tawada da kyau ba ne bayan aikin jiya.

Shuɗin anko kuwa ya raba mu da kwastomomi ba adadi. Yaro zai zaɓi shuɗi a CorelDraw yana ganin abinsa tas, in aka juya shi zuwa kalolin inji sai majenta ta yi yawa, kati ya fito shunayya. Tsofaffin hannu sun san maganin: ka ba siyan 100, ka tsayar da majenta wajen 60 zuwa 70, kar ka bari ta kamo ta. Sabon yaro ba ya duba lamba, ido yake bi, idon kuma gilashi yake kallo.

Sai fuska, inda rigimar ta fi daɗi. Ba a taɓa kawo mana hoton amarya an ce a bar ta yadda Allah ya yi ta ba. "A ɗan ƙara mata haske." An ƙara. "A ɗan ƙara dai." Sai an kai inda hanci ya ɓace cikin kumatu, sannan a ce yauwa. Ango ba mai tambayar ra'ayinsa, yana gefe ya koma inuwa, haƙora kaɗai ake gani. Fatar mutum kuwa ita ce mafi wuyar bugu, domin ido ya san ta sarai. Riga in ta ɗan sauya ba mai ganewa, amma fuska in majenta ta haura yalo sai ka ga mutum ya yi jajur, in siyan ta yi yawa ya yi toka-toka. Shi ya sa masu hankali ke barin yalo ya ɗan ɗara majenta a fata. Ƙari a kan haka, hoton ta WhatsApp aka turo shi, an tura wa wa, wa ya tura wa ƙane, manhajar ta matse shi ta zubar da rabin bayaninsa. Bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Mu kuma a ba mu hoton da ko katin shaida bai isa ba, a ce a cika kalanda da shi. Ka ce a turo asalin daga mai hoto, a ce ai mai hoton ya tafi Abuja.

Baƙi ma da kake gani ba ɗaya ba ne. In ka shimfiɗa baƙar tawada ita kaɗai a fili mai faɗi, sai ta fito a koɗe. Sai an tallafa mata, misali siyan 60, majenta 40, yalo 40, baƙi 100, jimla 240. Wani yaron da ya ji haka sai ya ce to bari in cika kowacce 100 ya fi baƙi. Tawada 400 ke nan a wuri ɗaya, alhali takarda mai sheƙi ma da kyar take ɗaukar abin da ya wuce 300. Ba za ta bushe ba, kowace takarda ta shafa wa bayan 'yar'uwarta, a wayi gari rim guda ya manne. Ƙananan rubutu kuwa akasin haka ne, baƙi zalla suke so. In ka haɗa su da kala huɗu, faranti ɗaya ya ɗan goce, sunan waliyyin amarya ya fito da inuwa ja da shuɗi.

To ina samfur? Ai nan ne ake yin ta. Abin da muke kira samfur a layin nan hoton fuskar kwamfuta ne da aka ɗauka aka tura, can a amso da "ya yi, a buga". Wayar Alhaji haskenta a ƙure, ta yaronmu gilashinta a fashe, kwamfutar shagon kuma tun da aka sayo ta gwanjo ba wanda ya taɓa daidaita kalarta. In an so a burge kwastoma, a ruga a fitar masa da kwafi ɗaya a injin DI. Wannan ya fi babu, ko ba komai za a kama kuskuren suna, a kuma ga inda ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ta koma akwati saboda salon rubutun bai san Hausa ba. Amma DI garin hoda yake gasawa a kan takarda, babban inji kuma tawada mai maiƙo yake shafawa tare da ruwa. Wanda ya sa hannu a kan na farko ya karɓi na biyu, dole ya ce an canja masa.

Waɗanda suka ɗauki abin da gaske suna da tsari. Tun 1993 manyan kamfanonin kwamfuta da na hoto suka kafa ƙungiyar ICC, suka fito da hanyar da kowace na'ura za ta riƙe bayanin yadda take nuna kala, don kwamfuta ta san abin da inji zai iya da wanda ba zai iya ba. Akwai ma'aunin ISO 12647 na bugu, akwai kuma cibiyar Fogra ta Jamus da ta fitar da lissafin da ake kira Fogra39 don takarda mai sheƙi. Da shi ake sa ƙaramar na'ura mai fesa tawada ta kwaikwayi babban inji. A gefen samfurin akwai jerin 'yan murabba'ai masu kala-kala, a ɗora musu na'urar awo, ta faɗi da lamba ko an dace ko an kauce. Sannan a duba takardar ƙarƙashin fitila ta musamman mai awon Kelbin 5000, kwastoma ya sa hannu, mai inji ya ajiye ta a gabansa yana bi. Mu fitilarmu ita ce wadda aka samu a shagon mai kayan wuta, wata fara fat, wata ja-ja, in an koma janareta kuma ta riƙa lumshe ido. Shi ya sa za ka ga mai inji ya zari takarda ya yi bakin ƙofa da ita. Kar ka raina masa, hasken rana a inuwa ya fi kwan fitilar nan kusa da gaskiya.

Ni dai ba na yarda a zagi masu injinmu a gabana. Mutumin da ke aiki da tsohon Heidelberg, Kord ko GTO mai kala ɗaya, sau huɗu takarda ke ratsa injinsa, kuma ba zai ga ainihin hoton ba sai a zagaye na ƙarshe, lokacin da gyara ya wuce. Da ido da ɗan madubin ƙara girma yake aiki. Ya san ɗigon tawada yana faɗaɗa in ya sauka, ya fi faɗaɗa a takarda mara sheƙi don tana sha. Ya san abin da ke ƙyalli yanzu zai dushe in ya bushe gobe, ya san in an lulluɓe kati da leda kalar za ta ƙara zurfi. In hunturu ya shigo takarda ta kanannaɗe, ƙura ta bar fararen ɗigo a baƙin fili, duk shi zai ji da su. Dattawan cikinsu in hira ta yi daɗi sai su kawo zancen kamfanin Gaskiya na Zariya da aka kafa a 1945, su ce can ne aka san ladabin aiki, mu yara mun lalace da danne-danne. Wani ma yana da littafin Pantone a aljihun tebur, tsarin da ya fito tun 1963 mai ba kowace kala lambarta. Sai dai littafin nasa ya sha rana da yatsu har yalonsa ya zama ruwan ƙasa, kuma ba ya bari a taɓa.

Abin da ke hana mu samfur na gaskiya gaggawa ce da rowa, kuma mu da kwastoma mun yi tarayya a ciki. Ɗaurin aure Juma'a, a kawo aiki Laraba da daddare. Ka ce a biya kuɗin takarda ɗaya ta gwaji, a ce kai dai ka cika son kuɗi. In aiki ya ɓaci kuma faranti huɗu sun tafi, rim na takarda 500 ya tafi, man janareta ya tafi, a zo ana neman wanda zai ɗauki asara, daga ƙarshe a zaftare ta a kuɗin yaron kwamfuta, shi da ba shi da bakin magana.

Yanzu dai wasunmu sun fito da dabara. In an ɗaura faranti, an fara samun kala, sai a tsayar da inji a kira mai aiki ya zo ya gani da idonsa a kan takardar da za a ba shi, ya sa hannu da kwanan wata, a manna ta a bango. Dabarar tana aiki in ya zo. Matsalar Alhaji ba ya zuwa, direba yake turowa. Direba ya dubi takarda sama da ƙasa, ya ce kai wannan ai ya yi kyau, ya rattaba hannu. Da magariba sai ga kira: "Oga, Hajiya ta ce shuɗin ba irin na leshin ba ne, kuma wai wa ya ce a sa hannu?"